Bututun da ya ratsa gidan takaba

Ranar Talatar makon bikin 'yata Naomi ne ban-ɗakinmu ya ga dama ya yi yaji. Na zuba ruwa, ruwan ya tsaya yana kallona. Na ƙara bokiti guda, sai ya yi wani gurnani ya dawo mini da abin da ban aike shi ba. Kafin azahar wari ya kai falo, kuma zafin Maiduguri na bayan Ista ba ya rufa wa kowa asiri.

Ranar Juma'a dangin ango za su iso daga Shaffa, a gidanmu na Ajilari za su sauka. A cikinsu har da kakar angon, tsohuwar da aka ce sai ta duba bayan tukunya kafin ta ci abincin gida. Na san mutanenmu sarai. Ba wanda zai ce uffan. Za su ci, su sha, su yi waƙa a coci, su koma gida, sannan 'yata ta ƙare rayuwar aurenta ana ce mata 'yar gidan nan mai wari. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Maigidana Wilson tsohon akawu ne, ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Ya ce a zuba tafasasshen ruwa da gishiri, aka zuba. Ya ce a ƙara kanwa, aka ƙara. Da ya fara maganar kalanzir sai na bar shi a tsaye, na kira Manasse, mai gyaran famfo da muke coci ɗaya.

Manasse ya ɗaga murfin ƙaramin ramin da ke bayan kicin, inda bututu ke wucewa, ya zura wata doguwar waya. Ta yi ta tafiya, can ta cije. Ya murɗa ya jawo, sai ga ta da wani curin abu a baki kamar gashin da aka tsefe daga mataji.

"Mama, saiwa ce," in ji shi. Ya ɗaga kai ya kalli darbejiyar maƙwabta da ta leƙo ta saman katanga. Sannan ya shimfiɗa wayar a ƙasa daidai tsawon da ta shiga. Tsakar gidanmu bai ishe ta ba, sai da ya lanƙwasa ta a jikin katanga. Ya ce, "Toshewar ba a gidanki take ba. Tana can ciki."

Gidanmu da na maƙwabta da can gida ɗaya ne, magada suka raba suka sayar. Sokawe, ramin da ƙazantar ban-ɗaki ke taruwa, ya faɗa ɓangarensu, don haka bututunmu ta ƙarƙashin tsakar gidansu yake bi. Mai gidan, Malam Nasidi, ya rasu cikin azumi, matarsa Ya Suwaiba tana takaba. Ko yana da rai gidan ba shiga ne, balle yanzu. 'Ya'yansu duk mata ne, suna gidajen aurensu. Yayan mamacin, wanda shi ne mai faɗa a ji, yana can Damasak, wayarsa ba ta shiga.

Wilson ya ce ai minti kaɗan ne, a roƙe ta kawai ta bar Manasse ya shiga. Manasse ya girgiza kai.

"Baba, a unguwar nan na girma. Ko an ce in shiga, ƙafata ba za ta yarda ba."

Na tambaye shi ko za a haƙa mana sabon sokawe a ɓangarenmu. Ya ce za a iya, amma kafin siminti ya bushe Naomi ta daɗe a ɗakinta.

Da la'asar na shiga wajen Ya Suwaiba. Ba roƙo na je yi ba, don ban ma san abin da zan roƙa ba. Na same ta a kan tabarma a gindin darbejiyar, da farin mayafi, carbi a hannu. Ta rame, har zoben hannunta ya koma babban yatsa.

"Wushe, Maman Naomi," ta gaishe ni da Barbarci. "Warin nan daga wajenku ne, ko ni ce hancina ya lalace?"

Na faɗa mata komai, har da kakar ango. Ta ci gaba da jan carbi, har na fara jin kunyar kawo wa mai makoki maganar ban-ɗaki.

Can ta ce, "Namiji aka hana shigowa. Ni ba wanda ya hana ni riƙe shebur a cikin gidana. Ki ce masa ya zauna a bayan katanga ya riƙa faɗa, mu muna yi."

Washegari da sassafe Manasse ya sa benci a ɓangarenmu, ya zauna ya ba katanga baya, ko da yake katangar ta fi shi tsawo. Ni na yi ta jigilar kaya ta ƙofar gida: shebur, diga, ƙaramin zarto, guntun sabon bututun roba, mahaɗai biyu da gwangwanin gam. Muka auna da doguwar wayar Manasse, muka ja layi a ƙasa, muka fara haƙa.

Ni malamar firamare ce, alli na sani. Kafin ramin ya kai gwiwa tafin hannuna ya yi ƙuna, bayana yana kiran sunan Yesu. Ya Suwaiba kuwa ta ɗaure mayafinta a ƙugu tana watsa yashi kamar wadda ta daɗe tana neman abin da za ta huce a kansa. Manasse yana ta ɗaga murya daga can: "A hankali da diga, Mama, kar ki ƙara mini wani aikin." Da muka ji shebur ya taɓa abu mai tauri sai muka koma tona da hannu.

Bututun ya tsage daidai wajen haɗi. Wata saiwa mai kaurin tsintsiyar hannu ta kwanta a kansa ta danne shi, 'ya'yanta ƙanana suka bi tsagar suka cika cikin maƙil. Na ɗauki hoto da waya na tura wa Manasse. Ya ce mu yanke wajen da ya lalace da zarto, mu zaro saiwoyin, amma babbar ma dole a sare ta, in ba haka ba baɗi war haka muna nan.

Na yi tsaye. Malam Nasidi ne ya shuka itacen nan da hannunsa, a gindinsa yake shan iska, a nan ma aka ajiye gawarsa kafin a fita da ita. Na san ta ji abin da Manasse ya ce.

Ta shiga ɗaki ta fito da gatari. Ta ce, "Kullum sai na ce masa itacen nan ba ya jin magana, ya ce ai gado ya yi wajena." Ta shiga ramin ta fara sara. Ruwa yana bin fuskarta, ban tambaye ta ko gumi ne ba. Da saiwar ta rabu ta jefo ta waje, ta ce in miƙo zarto.

Abin da muka zaro daga cikin bututun nan ba zan bayyana shi ba, saboda mai karatu wataƙila yana cin abinci.

Saura haɗawa. Manasse ya ce in goge bakin bututu, in shafa gam, in tura mahaɗi. Na shafa gam ɗin da kyau, na tura rabi, sai na ga ya kamata ya ga aikina. Na tsaya na goge hannu, na ɗauki hoto, na tura. Kafin na juyo gam ya kama, mahaɗin ya ƙafe a karkace, ko motsi. Daga bayan katanga na ji Manasse ya ja dogon numfashi.

"Mama, a zafin nan gam ba ya jiran hoto."

Ya Suwaiba ta zauna a bakin rami ta yi ta dariya har tana riƙe ciki. Tun rasuwar ban ji muryarta haka ba. Haushin kaina ya kama ni, amma dariyar ta fi ƙarfina, ni ma na shiga.

Allah ya sa ya zo da mahaɗi na ko-ta-kwana. Muka sake yankewa. Wannan karon ita ta shafa, ni na tura, muka murɗa tare ba tsayawa. Muka cusa yashi a ƙarƙashi yadda bututun zai ɗan gangara wajen sokawe. Bayan gam ya bushe, Wilson ya samu aikin da ya dace da shi, ya juye bokiti a ban-ɗaki. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin hannunmu da gudu, ko ɗigo bai fita ba. Muka mayar da ƙasa.

Na ce mata ban san da bakin da zan gode ba. Ta ce in je in yi wanka tukuna, don yanzu ni ce ke warin.

Ranar Juma'a da rana motar Shaffa ta tsaya a ƙofa. Aka yi guɗa, aka yi addu'a, aka sha ruwan sanyi. Kakar ango ba ta ko gama zama ba ta ce a nuna mata bayan gida. Na raka ta har ƙofa, ta shiga ta rufe. An gwada da bokiti, na sani, amma zuciyar uwar amarya ba ta jin wannan. Na zagaya bayan kicin na tsaya jikin katanga, na kasa kunne.

Sai na ji murya ƙasa-ƙasa daga ɗaya ɓangaren.

"Maman Naomi, kina nan?"

"Ina nan."

"Ina zaune kusa da sokawe. Ya wuce. Na ji faɗawarsa."

Na dafa katangar da hannu biyu. Matar nan ba za ta ga 'yata cikin farar riga ba, ba za ta taka rawa ko ɗaya ba, amma ga ta zaune cikin rana tana gadin mutuncina. Na ce Allah ya jiƙan Malam.

Ta ce, "Amin. Koma wajen baƙinki. Ni ba inda za ni, duk wanda ya shiga zan saurara miki."