Takalmin Baba Mai Hoto

"Baba Mai Hoto, wa ya yanka maka takalmi?"

Ɗigo ce ta yi tambayar daga ƙarƙashin tebur, inda ta shige neman murfin bironta. Shekararta biyar, bakinta kuwa ba birki. Mamanta ta sunkuya za ta janyo ta, sai idonta ya sauka a kan abin da yarinyar ta gani. An tsaga saman takalman biyu da reza, ƙafafun tsohon sun kumbura sun cika tsagar, fatar har sheƙi take yi.

Maman Ɗigo ta tsura wa ƙafafun ido. Ta san wannan tsagar. Ita da hannunta ta yi wa mahaifinsu irinta, sati uku kafin ya rasu.

"Ɓera ne," in ji Baba, yana dariya. "Ɓeran shagon nan ya fi ki surutu da ɓarna."

Auta, ƙanwar Maman Ɗigo, wadda saura kwana goma bikinta, ba ta ma ɗago daga kan albam ba. Zaɓen mai hoto ne ya kawo su shagon, wanda bango ɗaya ya raba da gidansu.

"Baba, gaskiya hotunanka sun yi," in ji Auta. "Amma ɗayan yaron mai hoto fa yana da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama."

"Jirgi? Tsakar kan mutane zai ɗauko miki, da rufin kwano. Ni fuska nake ɗauka. Buɗe shafi na uku."

Auta ta buɗe. Ga ta nan tana shekara biyu, baki duk majina, tana riƙe da yatsan mahaifinsu. Ta yi ƙara ta rufe albam ɗin, sannan ta sake buɗewa a hankali.

"Sai abin da Yaya ta ce," in ji ta, ta fita amsa wayar ango, Ɗigo na biye da ita.

Maman Ɗigo ta ja kujera kusa. Yanzu da ɗakin ya yi shiru, tana jin numfashinsa, gajere gajere, kamar wanda ya hau tudu alhali a zaune yake.

"Baba, a zaune kake barci, ko?"

Ya kau da kai yana goge gilashin kyamara da gefen rigarsa.

"Ka tashi mu je asibiti yanzu. Ko in kira ɗanka."

"Ki kira shi ya baro aikinsa ya zo ya kwantar da ni? In suka kwantar da ni, shi ke nan, jirgi ya ci." Ya ajiye kyamarar. "'Yata, ni na ɗauki auren iyayenku. Na ɗauki naki. Wannan kaɗai ya rage mini a gidanku. Kwana goma ne. Washegarin biki ki kai ni duk inda kike so, ko allura goma ce ba zan yi musu ba. Amma kada Auta ta ji."

Ta so ta ce a'a. Mace ce da ba ta wasa da zazzaɓin dare ɗaya, ko tari Ɗigo ta yi sai an ga likita. Amma tsohon da ya raɗa wa 'yarta suna, ranar da ya leƙa cikin zani ya ce wannan ai ɗigo ce ba jaririya ba, shi ne yake kallonta kamar yaron da ke roƙon a bar shi ya ƙara wasa.

Da Auta ta dawo, Maman Ɗigo ta ce mata, "Baba za mu ɗauka."

Daga ranar barcinta ya koma rabi. Kowace safiya tana tsaye a kicin, cokali a hannu, tana jiran ƙarar ƙofar ƙarfen shagon. In ƙarfe takwas ta wuce ba ta ji ba, sai ta ajiye cokalin ta leƙa waje. Ta hana Ɗigo shiga shagon ita kaɗai, domin abin da ya fi tsorata ta shi ne yarinyar ta zama ita ce za ta tarar da shi.

"Me ya sa, Mama? Ɓeran ne?"

"Ɓeran ne. Zauna."

Sau biyu ta nemo lambar ɗansa a waya, sau biyu ta mayar da wayar cikin jaka.

Baba yana da ƙa'ida ɗaya da bai taɓa karyawa ba a shekara arba'in. Ana gobe biki sai ya je ɗakin taron, daidai lokacin da za a yi bikin, ya ga ta inda rana take shigowa. Maman Ɗigo ta san da haka. Abin da ba ta tuna ba sai da suka tsaya a bakin ginin, ita da jakarsa a kafaɗa da Ɗigo a hannu, shi ne ɗakin taron a sama yake.

"Baba, bari in hau in ɗauko maka a waya."

"Haske ba a aike, 'yata."

Matakala ashirin da biyu. Ta ƙirga su duka, domin a kowace sai ya tsaya ya riƙe ƙarfe. A ta goma sha biyar leɓunansa suka sauya launi. Ta ce su koma, ya ce saura kaɗan, wanda ya rage a sama bai kai wanda ke ƙasa ba.

A sama masu ado suna ɗaura labule. Rana ta shigo ta tagar yamma ta kwanta daidai kan kujerar amarya. Baba ya kalli wurin, fuskarsa ta saki.

"Yawwa. Ina buƙatar wani ya zauna in gwada." Ya dubi Maman Ɗigo, sannan ya dubi kujerar. "A'a, bari ni in zauna. Karɓi. Ki leƙa nan, ki danna nan."

Ta leƙa, ta danna. Ɗigo ta karɓi kyamarar da hannu biyu ta kai masa. Ya daɗe yana kallon ɗan allon.

"Amaryar dai ta tsufa," in ji shi, "amma hasken ya yi. Ki faɗa wa Auta ta ɗan juyo da fuska hagu."

Ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Ya sake yunƙurawa. Sai kansa ya kwanta a jikin kujerar.

"Ku taimaka!" Muryarta ta tsaga ɗakin. Da hannu ɗaya ta tallafo shi, da ɗayan ta danna fuskar Ɗigo a cikin zaninta. Masu ado uku suka sauko da shi a kan kujerar amaryar, suka tare mota. Sun isa asibiti da ransa. Kafin rana ta faɗi likita ya fito ya ce rai ya yi halinsa, sannan ya tambaye ta tun yaushe ƙafafun suka kumbura.

"Kwana tara da na gani," ta ce.

Likitan ya juya ya koma ciki. Ina ma faɗa ya yi mata.

An ɗaga bikin sati biyu, mai jirgi ya ɗauka. Da ɗan marigayin ya zo kwashe shagon, ya zazzage akwati bakwai na hotuna yana neman fuskar mahaifinsa. Aure, haihuwa, 'yan makaranta, rabin unguwa na ciki, shi babu. Maman Ɗigo ta kunna masa kyamarar, ta nuna masa na ƙarshe, sannan ta faɗa masa komai, har da sau biyun da ta mayar da waya cikin jaka. Ya ji, ya share ido, ya ce zai wanko biyu.

Nata yana jingine a kan firiji. Tsoho a kujerar amarya, rana a gefen fuskarsa. Da yake ba ta iya ɗauka ba, ta haɗo har ƙasa, takalman sun fito sarai. Ɗigo takan ɗora yatsa a wurin duk safiya kafin ta tafi makaranta.

Ke da kike karanta wannan, in kin ga tsohon da ke maƙwabtaka da ke ya tsaga takalminsa da reza, kada ki jira a gama biki.