Oga Rasaki Ya Gyara Hoto

Mu'mina ta warware fostar bincikenta a kan teburin Oga Rasaki, ta duba sama, ta duba ƙasa. Sunanta na nan, rubutu tsaf. Amma hoton da ke tsakiya ya koma sumul kamar bangon da aka yi wa sabon fenti.

"Oga, ina layukan?"

"Wannan dattin?" Rasaki ya gyara tsayuwa yana jiran yabo. "Na share shi tas, Anti. Ba sai kin gode ba."

Rasaki ya daɗe yana buga hotunan biki a Sabon Gari. Amarya mai ƙuraje in ta shiga kwamfutarsa, ko uwarta sai ta sake dubawa kafin ta gane ta. Mamaci ma sai ya rage masa shekaru kafin a manna hotonsa a bango. Da wannan yake taƙama.

To, dattin nan shi ne digirin Mu'mina. A wani ɗakin bincike na ƙasar waje aka harba hasken leza cikin iskar gas, ya bar igiyoyi a bayansa yadda kwalekwale ke barin su a ruwa. A kan igiyoyin nan ƙwayoyin lantarki ke hawa su yi gudun da ya kusa na haske. Da ƙyar aka kama inuwarsu a hoto, ita kuma ta shekara tana auna tazarar layukan. Yau da azahar za ta nuna aikin a Abuja, inda za a zaɓi ɗalibi ɗaya ya je can ya ga na'urar lezar da idonsa.

Ta yi masa wannan bayani kamar za ta yi kuka. Ya saurara yana sosa ƙeya.

"Wato da gangan suka ɗauke shi haka?"

"Da gangan, Oga."

"Kuma Turawa ne?"

"Har da farfesoshi."

Ya girgiza kai, tausayinsu ya kama shi. Asalin hoton na cikin wayarta, amma babbar takarda ɗaya ce ta rage a shagon, kuma ta bikin 'yar fastonsu ce. Ya dubi takardar, ya dubi Mu'mina da ke murza bakin mayafinta, ya ja numfashi.

"Fasto ya saba yafiya," in ji shi, ya zura ta cikin inji.

Layukan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, dishi-dishi, a karkace. Mu'mina ta yi dariyar farin ciki, Rasaki kuwa ya kawar da kai. Ya naɗe fostar, ya leƙa waje ya tsayar mata da ɗan acaɓa zuwa tasha. Har ta hau, sai ya matso ya rage murya.

"Allah ya ba da sa'a, Anti. Amma don Allah, in an tambayi wanda ya buga, ki ce a Abuja aka yi."