Hujin Ƙusa a Rufin Kafinta

"Riƙe min tsanin da kyau, Mai Wanki, kada in zama majinyaci na biyu a gidan nan."

Babban ɗan Kafinta ne yake faɗa min haka daga saman kwano, gwangwanin kwalta a hannunsa. Tsanin nawa ne, shi ya sa aka haɗa da ni. Direban babbar mota ne, sai ya yi wata da watanni bai leƙo gida ba, in kuwa ya zo sai ya nemi abin da zai gyara, ko da abin lafiyarsa ƙalau. Ran nan idonsa ya faɗa kan wani hujin ƙusa a rufin ɗakin ubansa.

Daga ciki muka ji muryar tsohon, a karkace kamar yadda ta koma tun da ɓarin jikinsa ya shanye. "Bar shi. Na ce ka bar shi."

"Haba Baba! Ka ƙare rayuwarka kana toshe wa mutane yoyo, naka ɗakin yana zuba? Ai sai a yi da mu. Ga sanyi kuma."

Ya shafe hujin da kwalta, ya sauko yana goge hannu a wando. Da yamma ya kama hanya.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Kafinta. Sana'ata wanki da guga, don haka ni ma ina kallon sama, amma kallon mai shanya: ko ta busar min ko ta ɓata min. Shi nasa kallon daban ne. Tun da ya kwanta, tagarsa ba ta nuna masa komai sai bangon gidana, ɗakin kuma babu silin. Hujin nan ne kaɗai ya rage masa. Da hantsi rana takan shigo ta ciki, ɗigo ɗaya kamar maɓallin riga. Lokacin sanyi ɗigon yakan hau bango, kusa da inda hularsa take rataye. In zafi ya matso sai ya riƙa gangarowa har ya sauka ƙasa a gefen gado. Daga nan sai ruwa, Goggo matarsa ta tara tsohon daro a wurin.

"Ka gani?" yakan ce min in na kai masa rigunansa. "Ya sauko daga bango. Wanda yake juya rana bai manta da ɗakin nan ba."

"To Baba, ka roƙa min ya tuna da igiyar shanyata ma."

Sai ya yi dariyarsa ta rabin baki.

Bayan an toshe hujin bai yi faɗa ba. Yakan dai kwanta yana duban wurin da ɗigon ya saba sauka, sai can ya ce, "Wane lokaci muke ciki?"

"Bazara ce, ba ka jin zafi?" in ji Goggo.

"Ke kika ce."

Abinci ya fara komawa yadda aka kawo shi. Ma'aikaciyar jinyar da take duba shi ta auna abin da za ta auna, ta ja Goggo tsakar gida suka yi magana ƙasa-ƙasa. Na taɓa ce wa Goggo ƙusa ɗaya ta isa a buɗe wurin, ta girgiza kai. "Yaron da hannunsa ya yi, da kyakkyawar niyya. Ya dawo ya ga an ɓalle, ya ce mun raina shi?" Ban sake tada maganar ba. Ina ruwan biri da gada.

Wata rana da azahar hadari ya haɗu ta gabas, irin na farkon damina, mai zuwa da iska kamar da faɗa. Igiyoyina cike suke da zannuwan gado na wani masauki, farare tas, saura kaɗan su bushe. Na fara kwashewa ke nan na ji Goggo ta saman katanga.

"Mai Wanki! Ɗauko tsaninka."

"Goggo, kayan mutane fa."

"Tun safe bai ce uffan ba. Yanzu ya ji iska, ya ce in kawo daro. Ina zan ajiye daro a ɗakin da ba ya yoyo?"

Na dubi zannuwan, na dubi sama. Gaskiya raina bai so ba. Na ɗauko tsanin.

Kwaltar ta bushe ta yi tauri. Na kankare ta da wuƙa, iska tana neman ɗauke ni da kwanon gaba ɗaya, sannan na sa ƙusa na huda. Kafin in sauko, ɗigon farko ya faɗo min a ƙeya.

Ɗakin ya yi duhu, ruwa yana dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai. Goggo ta tura daron inda ya saba zama. Muka tsaya. Da farko babu komai, har na fara tunanin ko na huda wani wuri dabam. Sai ruwa ya taru a bakin hujin, ya yi nauyi, ya faɗo cikin daro, tal. Wani ya biyo shi.

Kafinta ya buɗe ido. Goggo ta ɗago hannunsa mai lafiya ta tara masa, ɗigo ya sauka a tafin. Ya dunƙule yatsunsa a hankali.

"An iso," ya ce. "Alhamdu lillahi."

Washegari da safe ina sake wankin zannuwan da suka sha taɓo, na ji salatin Goggo ta bayan katanga. Na ɗauraye hannuna na shiga.

Direba bai samu jana'iza ba, yana can nesa da kaya a mota. Sai bayan an kwana ya iso. Na tarar da shi a ɗakin da hantsi, na kai rigunan tsohon na ƙarshe, a goge a ninke. Yana tsaye ya ɗaga kai yana kallon rufi. Ya juyo ya dube ni.

"Wa ya buɗe?"

"Ni na sa," in ji Goggo daga bakin ƙofa. "Shi ya nema."

Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba, sai na ji tausayinsa ya kama ni. Ya sunkuya zai ɗauki daron ya zubar.

"Bar shi tukuna," Goggo ta ce.

Ya saki. Rana ta riga ta shigo ta hujin, ɗigon ya sauka a tsakiyar ruwan, haskensa ya koma sama yana rawa a jikin kwano. Direba ya zauna a bakin gadon da babu kowa, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallo har ruwan ya daina motsi.