Hannun Farfesa

"Sake nuna min, Likita," Yusrah ta ce. Takardar amincewa na kan cinyarta, har yanzu ba ta taɓa biro ba.

Dakta Zadok ya juyo mata da kwamfutar. Ɗanta Suhaib, ɗan shekara huɗu, yana kwance can ciki, afendis ɗinsa ya kumbura. Ba tsaga ciki za a yi ba, huda uku ce, a zura kyamara. Zadok bai taɓa yi wa ƙaramin yaro irin wannan aikin ba, don haka malaminsa, Farfesa Hayatu, zai bi aikin daga Kano. Da wani alƙalami yake zane a allonsa, zanen ya fito kore a nan Jimeta: yanka nan, kauce wa can.

Farfesa ya ja layi ɗaya don ta gani.

Yusrah mai lalle ce. Rabin amaren Yolde Pate ita ta zana musu. In dai hannu ne, ta san shi.

"Hannunsa rawa yake yi."

"Netwok ne kawai, Maman Suhaib."

"Netwok tsayawa yake yi, ya yi tsalle. Wannan rawa ce. Haka na Gogo ya fara kafin ta bar min sana'ar."

Sai muryar tsohon ta fito daga kwamfutar.

"Zadok, bar ɓoye mata. Gaskiyarki, 'yata. Shekara uku ke nan da na ajiye wuƙa. Ido ne ya rage min. Hannun, na Zadok ne."

"To mu taho Kano mana, wajen mai ido da hannu."

"Kafin ku kai Gombe abin ya fashe," Farfesa ya ce.

Ta dubi ƙofar da aka shigar da Suhaib. Takalminsa ɗaya na cikin jakarta.

"Miƙo hannunka, Likita."

Zadok ya miƙa, yana 'yar dariyar kunya. Ta gitta biro a bayan yatsunsa, yadda Gogo ta gwada ta ranar farko, ta zuba masa ido. Biron bai motsa ba.

Ta ɗauke shi, ta yi bismillah, ta sa hannu.

Nas Talatu ta karɓi takardar, ta duba, ta mayar mata a hankali.

"Sake min nan, 'yar'uwa. Sa hannunki duk ya karkace, ba ya karantuwa."