Rakiya a Hawa na Tara

A watan Maris na 1994 Jumai Hezekiya ta fara zagaya dogayen benayen unguwar Concourse Village da takardar tambayoyi. Wata jami'a ce ta ɗauke ta don a gano abin da ya sa matan Afirka ta Yamma da suka yi ƙaura zuwa can ba sa zuwa asibiti sai ciwon daji ya ci jikinsu. Mata sittin ta tambaya, sittin ɗin kuwa garau suke. Ranar Juma'a za ta miƙa rahoto, kuma da wannan sakamako, motar gwaji ta kyauta wata unguwar za a kai ta.

A hawa na tara, a falon A'i, mutuniyar Maraɗi mai sayar da jakunkuna a Canal Street, Jumai ta zauna da biro a hannu. Abdou, mijin A'i, yana gefe da ƙaninsa suna shan shayi.

"Kin taɓa jin wani ƙullutu a jikinki?"

"Babu, Malama. Sai godiya."

"Wannan?" in ji Abdou. "Ko 'yan sanda ba su cim mata in ta ɗauki kaya ta ruga."

Jumai ta rubuta, ta rufe jaka. A'i ta jawo gyale.

"Koma abinki, kada ki wahala," in ji Jumai, kamar yadda ta saba faɗa a kowace ƙofa, idonta a kan agogo.

"Lif ɗin ya mutu, kuma ba ki san matakalarmu ba. Mu je."

Sun sauko hawa biyu sai A'i ta tsaya. Ta leƙa sama, ta leƙa ƙasa, ta kama hannun Jumai ta ɗora a gefen ƙirjinta. Abu ne mai tauri, kamar ƙwallon goruba.

"Ya Yesu! Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"Amma yanzun nan na tambaye ki!"

"A gaban ƙanin mijina? Ke da biro kamar mai duba takardun zama? Haba, Malama. A garinku a falo ake irin wannan magana?"

Ba a falo ake yi ba. Mahaifiyar Jumai a Wusasa ba ta taɓa faɗin abin da ke ranta ba sai ta rako baƙuwa bakin hanya. Digiri biyu Jumai ta yi, har da kwas na musamman kan dabarun yi wa mutane tambaya, aka ba ta lambar yabo. Sai ga shi mata sittin sun miƙe da gyalensu za su raka ta, ita kuwa masaniya ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya don kada jirgin ƙasa ya wuce ta.

"Gobe da safe ni zan kai ki asibiti," ta ce.

"To. Safiatu ta hawa na huɗu ma ta ce ta so ta taka miki, kika hana ta."

Jumai ta yi gajeriyar addu'a a zuciyarta, ta gyara riƙon jaka. Ba za ta miƙa rahoton ba. Za ta koma gida sittin ɗin, daga hawa na huɗu za ta fara.