Inda Aka Binne Saleh

"Ka ce La'ilaha illallahu, ya Saleh. Faɗi mana."

Tsoho Abdulgaffar, mai wankan gawa na unguwar Bani Malik a Jidda, shi ne durƙushe yana laƙƙana wa majinyacin kalmar a kunne. Zafin azahar ya cika ɗakin, maƙwabta sun cika ƙofa. Saleh bai faɗa ba. Ya juya idanunsa a hankali, ya wuce fuskokin nan duka, ya tsaya a kan Husaini.

Husaini ya san abin da idon yake roƙo. Tare suka taso daga ƙasar Zazzau, tare suka sami aikin sauke kaya a tashar jirgin ruwa ta Jidda, kuma su biyun masu bin Almasihu ne tun daga iyaye. Ba wanda ya taɓa tambayarsu, domin a zaton mutanen Jidda, duk Bahaushen da ka gani aikin hajji ne ya kawo shi, ko ya kawo kakansa. Husaini ne dattijon 'yan tsirarun masu bi da ke taruwa a wannan ɗaki ran Juma'a, su rufe taga, su yi waƙa ƙasa-ƙasa. A waje kuwa shi ne Ammi Husaini, wato baffa da Larabci, mai raba faɗa, wanda ake miƙe wa tsaye idan ya shigo ɗaurin aure.

A makon da ya wuce Saleh ya riƙe hannunsa ya ce, "Dattijo, idan ta zo, ka yi mini addu'a da baki, in ji da kunnena. Sannan ka kai ni makabartar Kirista da ke Balad, can tsohon gari."

Yanzu ta zo. Husaini ya buɗe baki, sai ya ji numfashin jama'a a ƙeyarsa. Ya ce, "A ba shi ruwa."

Kafin kofi ya iso, Saleh ya cika.

Abdulgaffar ya rufe wa mamacin ido, ya ja Husaini gefe. "Ya Ammi, bangonmu ɗaya da shi. Nakan ji waƙa ran Juma'a, ban taɓa gaya wa kowa ba. Idan ba Musulmi ba ne, ka faɗa, shi ke nan. Da kaina zan kama makara har Balad. Ina tsoron Allah in yi wa mutum wankan da bai nema ba."

Usman mai yadi na kasuwar Bab Makka ya jiyo su. "Haba, tsufa ya fara taɓa ka! Bahaushe, kuma aminin Ammi? Ammi, gaya masa mu huta, rana tana yi."

Duk suka juyo. Da ƙiyayya ya gani a idanunsu, wataƙila da ya iya. Girmamawa ya gani, irin wadda ya shekara yana tarawa kaɗan-kaɗan, ya kuma hango yadda za ta zube a rana ɗaya: gaisuwar da za ta gajarce, tabarmar da ba za a ƙara shimfiɗa masa ba. A bayan labule yana ganin yatsun Zakiya, matar marigayin, sun damƙe gefen ƙyallen.

"Ku yi masa wanka," in ji Husaini.

Tsohon ya daɗe yana dubansa. Daga bisani ya ce, "Yalla, a kawo ruwa."

Aka sallace shi bayan la'asar, aka binne shi a makabartar unguwa. Kowa ya yaba yadda Ammi ya tsaya a kan komai.

Da ya dawo, Zakiya ta yi magana daga bayan labule, muryarta ba kuka. "Dattijo, ka yi masa addu'ar?"

"Na yi a zuciyata."

"To. Ai ni ma a zuciyata nake gaishe ka daga yau."

Ran Juma'a Husaini ya zo ɗakin, ya tarar an buɗe taga, cikin masu bi ba wanda ya zo. Ya juya ya nufi makabarta shi kaɗai, yana harhaɗa kalmomin addu'ar a bakinsa. Amma kaburburan Jidda ba a rubuta musu suna. Dutse ne a kai, dutse a ƙafa, jere bayan jere, kuma an ƙara sababbi a cikin makon.

Mai gadi ya taso daga inuwar bango. "Ya Ammi, wanne ne naka?"

Husaini ya ɗaga hannu zai nuna. Hannun ya tsaya a sama, yana kai-komo tsakanin tulin ƙasa da tulin ƙasa, iskar teku tana kaɗa masa hannun riga.