Yadda Zagorka ta Kori Mijinta Daga Gado

Duk wanda ya zauna a garin Vlasotince ya san bakin Zagorka. Sama da shekara hamsin tana auren Svetozar, kuma gari bai taɓa wayewa ba ta kira shi malalaci ba, alhali da hannunsa ya dasa gonar inabin nan da ke kan tudun bayan gari. Shi kuma yakan ce rediyo ya aura, wanda aka ƙera ba maɓallin kashewa. Maƙwabta sun daɗe da daina shiga tsakani, don an sha zuwa rabon faɗa a tarar da su suna cin burodi da cuku a faranti ɗaya.

Sai ciwo ya shigo gidan. Daji ne, ya fara a hanji, aka yanke, ya tsallaka hanta. Ba mai ambaton sunansa, sai dai a sassauta murya a ce "wancan abin". Tun ranar da suka dawo daga asibitin birni da labarin, Zagorka ta naɗe bakinta ta ajiye, ta shiga jinya irin ta gidan mutunci. Ta kwantar da shi a ɗakin baƙi, ta jibga masa barguna, ta sa masa safa kan safa. Ta rufe kowace taga, ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa saboda promaja, iskar nan da ke shiga ta taga ta fita ta ƙofa, wadda kowa a garin zai rantse maka ta fi harsashi kisa. Ko cokali ba ta bari ya ɗaga. Da safe miyar kaza, da rana miyar kaza, da yamma romon da ya rage. Mutumin da ta yi rabin ƙarni tana yi wa tsiya ya koma "raina" da "masoyina".

Mata suna zuwa dubiya da lemo da biskit, su zauna a bakin gado su girgiza kai, su fita suna yabonta. Leposava, maƙwabciyarta ta jikin katanga, wadda ta yi jinyar nata mijin har ta binne shi, ta ce ko ita ba ta kai haka ba. Zagorka tana jin daɗin yabon, ba sai an faɗa ba. Amma abin da ya fi cika mata ciki tsoro ne, kuma ba ta san yadda ake yi da tsoro ba in ba a mayar da shi miya ba.

Da aka gama ɗura masa maganin dajin ta jijiya, sai aka kira su asibiti. Likitar da ta karɓe su, Dakta Dubravka, ko 'yarsu ta fari ba ta kai ba a shekaru. Ta juyo musu hoton cikinsa ta nuna da biro. Ƙarin dajin da ke hantar ya ƙanƙance, ya tattaru a gefe guda. Ana iya yanke wannan ɓangaren, ragowar hantar kuma ta tofo ta cike gurbi. A da, in ji ta, mai shekarun Svetozar ko ƙofar ɗakin tiyata ba a kai shi. Yanzu kuwa su da wasu asibitoci suna bincike a kan tsofaffi masu irin wannan ciwo. Sun daina tambayar shekaru, ƙarfin jiki suke aunawa, kuma suna son su gani ko ana iya ƙara wa tsoho ƙarfi kafin wuƙa ta taɓa shi.

"Baba, tashi daga kujerar nan, kada ka dafa komai," in ji ta.

Kafin ya motsa Zagorka ta zabura ta cusa hannu a hammatarsa.

"Mama, ke na ce ko shi?"

"Ai ba shi da lafiya, 'yar nan."

"Na sani, ni na duba hoton. Koma ki zauna."

Svetozar ya yunƙura, ya koma daɓas. Ya sake yunƙurawa, kujera ta sake karɓarsa. Aka miƙa masa wani ƙarfe ya matse don a ga ƙarfin hannunsa, da kyar allurar ta motsa. Likita ta ɗaga ƙafar wandonsa ta ga ƙwauri kamar sillen kara.

"A gida me yake yi?"

"Ba komai!" Zagorka ta amsa da alfahari. "Ko ruwa ba ya zuba wa kansa."

"To shi ya sa. Mama, in na shiga da shi a haka ba zai fito ba, don haka ba zan shiga da shi ba. Na ba ku wata guda. Ya yi tafiya kullum, ya hau tudu, ya ci ƙwai da nama da wake, ba ruwan da kaza ta yi wanka a ciki ba. In ya dawo da ƙarfi, mu yi aiki. In ya dawo haka, ƙarin nan ba jiranmu zai yi ba."

"A waje? Cikin iska?"

"Tagogin ma a buɗe su."

Zagorka ta yi alamar gicciye. A motar komawa gida ta yi ta mita a ranta. Wai mai ciwo ya hau tudu! Me mutane za su ce? Cewa za a yi Zagorka ta gaji da jinya, ta koro miji titi ya mutu a tsaye, abin kunyar da kare ba zai ci ba. Amma maganar nan ta "ba zai fito ba" ta ƙi fita daga kanta.

Washegari ta ɗan buɗe taga iya faɗin yatsa, ta soya ƙwai, ta goge takalmansa ta ajiye a gaban gado.

"Raina, ko za ka ɗan taka zuwa bakin ƙofa?"

"Gobe."

"Masoyina, likita fa ta ce..."

"Na ji abin da ta ce. Ja min bargon nan."

Ta ja masa. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata. Ta lallashe shi, ta roƙe shi, ta yi ta kunna kyandir a coci har limamin cocin ya ce ta rage wa sauran masu buƙata. Sati ya wuce, na biyu ya kama hanya, Svetozar bai wuce banɗaki ba. Leposava ta ce a ƙyale bawan Allah, likitocin zamani gwaji suke yi da mutane, bincike ai a kan ɓeraye ake yinsa. A bar mutum ya tafi da mutuncinsa a kan gadonsa.

Wata rana da hantsi Zagorka ta zauna a bakin gadon riƙe da farantin waken da ya huce. Sai ga hawaye.

"Svetozar, don Allah mene ne? Wuƙar kake tsoro?"

"Ni? Wanda ya zauna da ke shekara hamsin ne zai ji tsoron wuƙa?"

"To me ya hana ka tashi, raina?"

"Kin ji ko? Shi ya hana ni." Ya juyo ya dube ta. "Zaga, ni ba yaro ba ne. Likita tana iya faɗin abin da ta ga dama, aikinta ne ta ba mutum ƙwarin gwiwa. Ni ke nake dubawa. Da na karye a ƙafa kin ce Allah ya ƙara, wa ya aike ni hawa tsani a buge. Da ciwon huhu ya kayar da ni kin ce ƙarya nake don in guje wa girbi. Duk na tashi. Sau ɗaya na taɓa jin kin yi wa mutum irin muryar nan, babanki ne, a makon da ya rasu. Ranar da kika ce min 'raina' na san an faɗa miki abin da aka ɓoye min. To wanda zai tafi, me zai je nema a kan tudu?"

Nan take Zagorka ta gane. Ashe duk watannin nan da take ganin tana tare masa mutuwa, shi a bakinta yake jin sanarwarta safe da yamma. Tausayinsa ya kama ta, kunya ta kama ta, sannan cikin ikon Allah haushi ya zo ya kore su duka.

Ta dire farantin. Ta miƙe ta banke taga, ta banke ƙofa, iska ta ratsa ɗakin har labule ya tashi sama.

"Promaja!" Svetozar ya yi ihu.

"Ta kashe ka mana in huta! Kai don ba ka da kunya ni za ka ɗora wa lalacinka? Ka samu banza ka miƙe ƙafa, ina dafawa ina ɗura maka, bayana ya ƙage, kaji sun ƙare a gidan nan saboda kai! Inabi yana can ciyawa ta cinye, tsuntsaye suna biki, mai gona yana nan ya zama ɗan lele. Tashi, malalacin banza! Babana da kake kira, shi ko a gadon mutuwa ya fi ka amfani!"

Ta fizge bargunan ta watsar. Svetozar ya saki baki yana kallonta kamar wanda ya ga ɗan'uwansa da ya daɗe a tafiya. Ya sauko da ƙafa ɗaya, ya sauko da ɗayar.

"Miƙo min takalman, tsohuwa."

"Ni baiwarka ce? Sunkuya ka ɗauka."

Ran nan bakin titi kawai suka kai, yana haki yana dafa bango. Leposava ta leƙo ta saman katanga, hannu a ka.

"Zaga, kin haukace ne? Mutum a wannan hali, ko hula babu?"

"Ke maƙwabciya, ki riƙe hularki, ni in riƙe mijina."

Gari kuwa ya samu abin taunawa. A kasuwa, a shagon kofi, a layin burodi, magana ɗaya ce: Zagorka tana kora marar lafiya a gaba kamar jaki. Masu dubiya suka daina zuwa, tunda in sun zo da lemonsu ba sa tarar da majinyacin. Yabon da ta saba ji ya ƙafe ƙaf, abin kuma ya yi mata ciwo, musamman ran Lahadin da ta shiga coci mata suka yi tsit. Ba wanda ya lura da yadda take binsa dab da baya, hannuwanta a ware, ko zai faɗi ta tare. In ya tsaya numfashi gabanta ya yanke ya faɗi, bakinta kuma ya ce kunkuru ma ya fi shi sauri. Rannan ya yi tuntuɓe a kusa da gada ya faɗi da gaske, gwiwa ta ƙuje. Ta cusa hannuwanta a aljihun riga ta cije leɓe har ya tashi da kansa. Tun da take ba ta taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba.

Daga titi sai gada, daga gada sai gindin tudu. Ya fara cinye abincinsa yana kushe gishirin. Kafin watan ya ƙare ya kai gonar, ya tsaya a tsakiyarta yana zagin wanda aka bar wa ita saboda yadda ya datse rassan.

Da suka koma asibiti Dakta Dubravka ta sa shi ya yi ta tashi yana zama har ya tambaye ta ko wasa take yi da shi. Ya matse ƙarfen, ya kai ƙarshen baranda ya dawo. Ta ce ba a mayar da shi saurayi ba, haɗari yana nan, amma yanzu tana iya shiga da shi tana sa ran fitowarsa. Ta tambayi Zagorka wace dabara ta yi, don da yawa daga tsofaffin da ke cikin binciken sun ƙi motsi.

"Ki sa a bincikenki," in ji Svetozar, "a ba kowane tsoho irin matar nan, safe da yamma, kafin cin abinci."

"Likita," in ji Zagorka, "tunda dai yanka za ki yi, ki haɗa da harshen."

Ranar aikin Zagorka ta zauna a benci tun safe har rana ta karkata, ba ci ba sha. Ba ta da wanda za ta yi wa faɗa, sai ta huce a kan injin sayar da kofi. Can likita ta fito ta cire hula, ta ce an cire abin. Svetozar ya zubar da jini fiye da yadda ta so, amma yana numfashi da kansa, sauran kuma jikinsa ne zai nuna.

Aka bar ta ta shiga na ɗan lokaci. Ga shi kwance, roba a hanci, roba a ciki, fuska fara fat, ya ƙanƙance a tsakiyar gado. Ta matsa kusa da shi. Magana mai taushi ta taso mata har kan harshe, don ita ce gaskiyar abin da ke ranta, kuma ba ta taɓa son faɗinta kamar yanzu ba. Sai ta ga ya buɗe ido. Bai dubi na'urorin ba, bai dubi ma'aikaciyar jinya ba, bakinta ya zuba wa ido yana jira ya ji ko zai rayu.

Ta haɗiye maganar, ta gyara ɗankwalinta.

"Ku ga mutum," ta ce. "Bayin Allah sun yini a tsaye a kanka, kai kana ta sharar barci. Likita ta ce gobe za ka sauko ka taka, kuma kada in ji wani a ja min bargo."

Svetozar ya saki dogon numfashi, ya lumshe ido, ya koma barci hankalinsa kwance. Sai a lokacin ta juya masa baya ta yi kukanta, a hankali, don kada ya ji.